Sitiron Mai Riƙon Ƙasa

Allah ya jiƙan abokina Sitiron, ya sa ya huta. Duk wanda ya taɓa tashi daga wani gida zuwa wani a unguwannin nan masu dogayen benaye, da wuya a ce bai gan shi ba: ƙaton mutum mai gajeren wuya, da tsohon tawul a kafaɗa, yana tsaye a gindin matakala yana auna kaya da ido kamar mai auna abokin kokawa. Kwasar kayan masu ƙaura ita ce sana'arsa tun gemu bai fito masa ba. Gado, sif, kujeru, firji, injin wanki, duk abin da mutum ya tara a rayuwarsa ya kasa ɗagawa, a ƙirjin wannan bawan Allah yake sauka.

Ba sunan da iyayensa suka raɗa masa ba ne. Wata malamar makaranta ce ta jawo masa shi, ranar da suka kwashe mata kaya. Ta ga ya rungumi kantar littattafanta shi kaɗai ya sauko da ita, ko nishi bai yi ba, sai ta riƙe baki ta faɗi wata kalma da Turanci. Aka tambaye ta me take nufi, ta ce ai mai ƙarfi ke nan. Abokan aikinsa suka cafe kalmar, harshensu ya lanƙwasa ta yadda ya ga dama, ta koma Sitiron. Tun yana ɓata rai har ya haƙura, har ta kai ko matarsa, in tana cikin nishaɗi, da sunan take tsokanarsa.

Bayan shekaru, babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa gare ta, ta dawo daga makaranta da labari.

"Baba, ashe sunan nan naka ba mutum kaɗai ake gaya wa ba. Malam ya ce shayi in ganye ya yi masa yawa, haka Turawa suke ce masa. Iska mai yaye rufi ma haka. Magani mai sa jiri ma haka. Har wari, Baba, in ya cika ɗaki."

"Har wari, Uwata?"

"Wallahi har wari."

Da wani ne da ya bar maganar a gida. Amma Sitiron ba ya iya riƙe abin dariya ko da a kansa zai ƙare, washegari ya kai ta wurin aiki. Direban motarsu ya kusa faɗowa daga kujera.

"Yau asiri ya tonu! Ashe malamar nan ba ƙwanjinka ta yaba ba, hammatarka ta shaƙa!"

Sitiron ya bi shi da tawul suna zagaya mota, yana dariya har da hawaye. Haka yake. Mutum mai jikin da zai iya tsorata unguwa, amma yaran maƙwabta a wuyansa suke lilo.

Aikin nan yana da ƙa'idar da wanda bai yi shi ba ba zai sani ba. In za a sauko da kaya mai nauyi daga bene, mutum biyu ne, na sama da na ƙasa. Na ƙasa duk nauyin kansa yake gangarowa, kuma da baya yake tafiya, fuskarsa manne da kayan, ba ya ganin inda ƙafarsa za ta sauka. Na sama kaɗan ya ɗauka, amma shi ne ido. Shi zai ce "taka", ya ce "kwana", ya ce "a sauke". Abin da ya faɗa shi na ƙasa zai yi, ko da ramin wuta ne a bayansa. A duk shekarun ƙarfinsa, Sitiron bai taɓa riƙe sama ba. In wani sabon shiga ya yi karambanin zuwa ƙasa, sai ya kama shi ta wuyan riga ya matsar da shi gefe: "Je ka girma tukuna, uwarka tana sonka."

Na samansa kuwa Tsuntsu ne, wani siriri mai zaƙin baki, wanda in mota ta tashi kullum a ƙololuwar kaya ake hango shi. Sitiron ne ya kawo shi aikin, lokacin da suke haya a gida ɗaya, Tsuntsu yana zaman kashe wando. Mai motar da suke yi wa aiki ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan ai iska za ta ɗauke shi da katifar." Sitiron ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙarfin mutum biyu gare ni, ka sa ɗaya a sunansa. Ni ido nake nema." Ido kuwa Tsuntsu yana da shi, a ba shi haƙƙinsa, da kallo ɗaya zai gaya maka ko sif zai bi ta ƙofa ko sai an kwance shi. Sun fi shekara ashirin tare. Kwano ɗaya suke ci. Tsuntsu ba ya kiransa da komai sai Yaya. Ranar da mahaifiyar Tsuntsu ta faɗi a banɗaki, Sitiron ne ya goya ta a bayansa ya sauko da ita har bakin titi.

Sunan ya bi shi har cikin dangi, kuma a nan ya fi yi masa nauyi. In rigima ta tashi, a kira Sitiron. In za a yi jinyar wani a asibiti, Sitiron. Lokacin da ƙaramin ɗansa ya rasu, masu gaisuwa suka riƙa wuce shi a bakin ƙofa suna dafa kafaɗarsa: "Kai ai namiji ne, kai za ka ba su haƙuri." Ya ba su haƙurin. Ba a saba tsayawa a ce masa "ya jiki" ba, don wa yake tambayar dutse lafiya?

Abin ya fara da hannun hagu. Yana cikin riƙon kaya sai yatsun su mutu, kamar an ara masa hannun wani. Daga nan ƙirji ya riƙa matsewa in ya hau bene, numfashi yana yankewa. Jiki magayi. Ya ɓoye wa matarsa, ya tafi asibiti shi kaɗai. Aka yi gwaje-gwaje, likita ya zaunar da shi ya ce zuciya ce ta gaji.

"Baba, ɗaukar kaya ta ƙare. Ko bokitin ruwa ban yarda ba."

"Likita, ka ce wa kifi ya fito tudu ya sha iska ke nan."

"Ni dai na gaya maka."

Sai dai akwai wata ƙofa da ta rage masa. Mai mota ya sayi mota ta biyu, ana jiran isowarta, kuma tun kafin ciwon nan ya riga ya gaya masa a gaban kowa: "In ta zo, kai za ka riƙe ta. Ka tsaya ka nuna, yara su ɗauka. Kai ka riga ka ɗauki rabonka." Wato aikin da zai ci gaba da ciyar da iyalinsa ba tare da ya ɗaga ko tsinke ba. Abin da ya rage kawai shi ne ya lallaɓa har motar ta iso. Amma ya san halin mai mota, mutum ne mai gudun abin magana. In ya ji an ambaci zuciya, zai sallame shi da addu'a da daɗin baki. Ba zai damƙa sabuwar mota ga wanda zai iya yanke jiki ya faɗi a gidan mutane ba.

Sai ya nemi Tsuntsu. Suna zaune a bayan mota suna cin abincin rana, ƙafafu suna lilo.

"Ƙanena, zan ba ka ajiya."

"Yaya, in dai ba ta ci ba ce, kawo. Ka san abin ci ba ya kwana a hannuna."

Ya gaya masa komai. Tsuntsu ya ajiye cokali, idonsa ya kawo ruwa.

"Yanzu Yaya da wannan a ƙirjinka kake riƙe mini ƙasa? Wallahi ka cuce ni. Daga yau ƙasa tawa ce."

"Ba kullum ba, kada a gane. In mun shiga cikin bene babu ido, mu juya. In kuma dole ta sa na riƙe, ka kasa kunne. In ka ji na buga kayan sau biyu da zoben nan, hannun ne ya tafi. Ka ce a sauke, ka ce kai ne ka gaji."

"Ai da ma ni ne ragon, kowa ya sani. Yaya, in na ci amanarka, kada Allah ya bar ni."

Kuma ya riƙe alkawarin na wasu watanni. Siririn mutumin nan ya riƙa shiga ƙasa, yana fitowa sharkaf da gumi. In kuwa Sitiron ne a ƙasa aka ji ƙwas ƙwas, nan take Tsuntsu zai ƙwala ihu: "A sauke, bayana zai tsinke!" Direba ya yi ta yi masa tsiya, wai tsufa ya kama Tsuntsu tun fuka-fukansa ba su gama fitowa ba. Sitiron yakan koma gida ya ce wa matarsa, ba tare da ya faɗi dalili ba, "Ɗan'uwa ba sai na ciki ɗaya ba."

Ana saura kaɗan motar ta iso, suka sami aikin kwashe wani ofis daga hawa na uku. Mai mota da kansa ya zo, don masu ofishin manyan mutane ne, yana so su ga fuskarsa. Aka sauke tebura, aka sauke kujeru da kwalaye. Ya rage abu ɗaya, wani akwatin ƙarfe na ajiyar muhimman takardu, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, an ja shi har bakin matakala. Matakalar kuwa matsattsiya ce, ba ta ɗaukar fiye da mutum biyu.

Sitiron ya dubi Tsuntsu. Irin wannan kaya yana da dabara. Ana iya cewa a kawo igiya da katako a zurara shi a hankali, ba wanda zai ga laifi. Tsuntsu ya san wannan sarai, kuma a kan matakala maganarsa ake ji. Sai ya kau da ido. Ya zagaya ya kama saman akwatin, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, yau za ka ga aiki! Ina masu ofis? Ku fito ku ga abin da ake kira Sitiron. Akwatin nan a wurin Yayana kwalin ashana ne. Ƙasa ta mai ita ce! Yaya, bismilla."

Ma'aikatan ofis suka firfito, wasu har da ɗaga waya. Mai mota ya harɗe hannu yana murmushi. Sitiron ya tsaya. In ya ce ba zai iya ba, sai ya faɗi dalili, kuma a gaban wanda bai kamata ya ji ba. Daga baya ya ce a wannan tsayuwar ya lallashi zuciyarsa cewa Tsuntsu yana da wani shiri, da sun ɗan gangara zai ce a sauke, ya ɗora wa kansa laifi kamar kullum. Ya goge tafin hannunsa da tawul, ya sunkuya ya shiga ƙasa.

"Taka. Taka, Yaya. Taka."

Ba su yi nisa ba hannun ya fara tafiya. Ya buga da zobe, ƙwas ƙwas. Ƙarfe ba ya ɓoye bugu, ƙarar ta bi jikin akwatin har sama.

"Taka."

Ya sake bugawa.

"Taka, Yaya, ana kallonka!"

Yatsun hagu suka buɗe da kansu. Nauyin ya koma kan hannu ɗaya da ƙirji, ba shi da sauran abin bugawa sai goshi. Ya buga goshinsa a jikin ƙarfen sau biyu, har fatar ta fashe.

"Taka," in ji Tsuntsu.

Akwatin ya kuɓuce. Allah ya taƙaita bai bi ta kansa ba. Ya ture shi gefe, ya murƙushe masa ƙafar dama a jikin bango, ya gangara yana farfasa matakala har ya daki bangon kwana.

Sitiron bai suma ba, kuma da ya suma da ya fi masa sauƙi. Yana kwance jini yana shiga masa ido, ya ji mai mota yana salati yana tambayar yadda aka yi, ya kuma ji amsar Tsuntsu da kunnensa.

"Ranka ya daɗe, ai Yaya ya daɗe ba shi da lafiya. Zuciya ce, likita ya hana shi ɗaukar ko bokiti. Ni nake rufa masa asiri, watanni ke nan ni nake riƙe masa ƙasa. To ka san Yaya, ba ya son a ga kasawarsa."

A asibiti matarsa ta ji labarin zuciyar, daga bakin likita. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado tana gyara masa mayafi, can ta ce, "Baban yara, ni da nake kwana ina jin numfashinka ka ɓoye wa, ka kai wa na waje?" Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganar da ya saba: kai ai ƙarfe ne, kwana biyu za ka miƙe. Mai mota ma ya zo, ya yi addu'a, ya ce da ma ka gaya mini, ya ce yanzu sai hutu. Yana kwance sabuwar motar ta iso. Aka damƙa wa Tsuntsu.

Ƙafar ta warke a karkace, likita kuma ya hana shi hawa bene, ga shi gidan da suke haya a sama yake. Aka samo musu ɗaki biyu a ƙasa, a bakin babban titi. Ranar tashi, maƙwabta suka sauko da shi suka zaunar da shi a kujera a gindin benen, sandarsa a gefe. Sai ga sabuwar mota ta tsaya, fenti yana ƙyalli. Mai mota ne ya aiko ta don a taimaka. Tsuntsu ya diro daga gaba, ma'aikata biyu suna biye da shi.

"Yaya! Jiki ya yi kyau, wallahi. Maigida ya ce ko cokali kada ka taɓa. Kai, ku gaida babanku, shi ya koya mini aikin nan."

"Ka ce su ba mu wuri."

Tsuntsu ya yi musu alama suka koma jikin mota. Ya tsuguna a gaban kujerar.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," in ji Sitiron, "don ta tsaya mini a rai. Ka ji bugun?"

"Yaya, ka san benen nan da amsa-kuwwa, ga mutane suna ta surutu..."

"Ka ji bugun?"

Tsuntsu ya dubi tabon da ke goshinsa, ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana wasa da makullin mota kafin ya yi magana.

"Yaya, ni ma ina da 'ya'ya. Watannin nan da na riƙe ƙasa, da rarrafe nake shiga ɗaki. Na ce in ka tafi sabuwar mota, ni za a bar wa ƙasan nan har in mutu, kuma ba ni da jikinka. Wallahi ban yi zaton zai kuɓuce ba. Na ɗauka za ka kai shi ƙasa, ka zube kana haki, maigida ya gani da idonsa, shi ke nan. Ai kai ne, Yaya. Ban taɓa ganin abin da ya fi ƙarfinka ba."

Da Tsuntsu ya ɗago ya dube shi, sai Sitiron ya ce:

"Tun ranar da aka yi mini maganar motar nan na ce wa maigida ba zan hau ta ba sai da kai. Na ce a nemo maka wani ƙato ya riƙe ƙasa, kai ka riƙe sama har ka tsufa. Ya amince. Ban gaya maka ba ne don ina so ka ji ranar da ta zo." Ya jawo sandarsa ya ɗora a cinya. "Tashi ka ja motarka."

"Yaya, kayan fa?"

"Kayana ba za su hau ta ba."

Matarsa tana tsaye a kan matakala da tukunya a hannu, ta ji komai. Ta ajiye tukunyar, ta ci ɗamara da mayafinta, ta aiki Uwata ta kira mai amalanke. Motar ta juya ta tafi babu komai a cikinta. Har yamma ana kai da kawo, maƙwabta suna kamawa, mai amalanke yana zuwa yana dawowa. Mutumin da ya kwashe kayan rabin gari yana zaune yana kallon matarsa da 'yarsa suna kokawa da kan gado a kwanar bene. Sau ɗaya ya buɗe baki ya ce, "Uwata, karkata shi hagu." Daga nan ya sa tawul ya rufe fuskarsa.

Sabon ɗakin tagarsa tana kallon titi, kuma a jikin tagar aka sa masa gado don ya riƙa ganin mutane. Ashe titin hanyar motar ce. Kusan kullum sai ta wuce, kuma Tsuntsu ya sa direbansa ya riƙa danna ham in sun zo daidai gidan, wai gaisuwa. Wani lokaci har ya leƙo da hannu ya ɗaga murya, "Yaya! Allah ya ƙara sauƙi!" Mutanen layin suka riƙa yaba masa, suna cewa ga wanda bai manta alheri ba.

Mu da muke zuwa zama da shi ba mu taɓa jin ya zagi Tsuntsu ba, ba mu kuma ƙara jin sunansa a bakinsa ba. In ƙarar ta tashi sai ya tsaya da maganar da yake yi, ya jira ta wuce, sannan ya ci gaba, amma muryar ba ta komawa yadda take.

Wata safiya bayan motar ta wuce, ya kira 'yarsa.

"Uwata, kira babarki. Ku mayar mini da gadon nan wancan bangon."

"Baba, can ai babu iska."

"Na sani."

Suka taimaka masa ya koma kujera, suka ja gadon da ƙyar, ƙafafunsa suna kartar siminti. Ya kwanta ya juya fuskarsa ga bango. A wannan gefen ya yi sauran kwanakinsa, kuma ba su yi yawa ba. A nan ya cika, da rana tsaka, matarsa tana riƙe da hannun nan na hagu da ya daina jin komai. Allah ya yi maka rahama, abokina, ya haɗa ka da waɗanda ba sa cin amana.